Ƙyallin Kati da Ire-iren Mutanen da Ke Dubansa

Katin tarawa ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, mafi yawansa milimita 63 a faɗi da 88 a tsawo, ɗauke da hoton dodo, ko jarumi, ko ɗan wasan ƙwallo. A rufe ake sayar da shi cikin fakiti, mai saye ba ya sanin abin da kuɗinsa ya sayo masa sai ya yage bakin ledar. Gidajen da suka mamaye kasuwar ba su da yawa. Akwai Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a 1993. Akwai Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1999, da Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami, shi ma daga Japan a 1999. Sai katunan 'yan wasa na Topps a Amurka da na Panini, kamfanin garin Modena a Italiya. A kowane gida akwai kati fili wanda ba ya ɗaukar ido, akwai kuma mai ƙyalli, kuma a kan na biyun ne magidanta ke rasa barci.

Ƙyallin ba fenti ba ne. Wata siririyar leda ce da aka shafe da ƙarfen alminiyom, aka tsaga mata ƙananan layuka da ido ba ya gani, aka manna ta a fuskar kwalin. Idan haske ya sauka a kan layukan sai ya rabu zuwa launukan bakan gizo, dalilin da ke sa bayan faifan CD yin launi-launi ke nan. Mabuga sai su shimfiɗa farar tawada a duk inda ba su son ƙyallin ya fito, su bar sauran a buɗe, sannan su buga hoto a kai. Saboda haka tambaya uku ce ke raba wani ƙyalli da wani: a ina yake a jikin katin, wane zane yake bayarwa idan an karkata shi, kuma yatsa na jin sa ko ba ya ji. Akwai ta huɗu da ba ta bayyana a fuskar kati, wato guda nawa aka buga, kuma ita ke yanke farashi. Masu harkar sun kasu gwargwadon tambayar da kowa ya rungume ya yi watsi da sauran.

Sabon shiga

Shi ya fi yawa, shi ya fi kowa farin ciki. Ya buɗe fakitinsa na farko, ya ga wani kati yana walƙiya, nan take ya tabbata talauci ya yi masa sallama.

A Pokémon, mai ƙyalli na asali, wanda ake kira holo, ƙyallinsa a cikin akwatin hoto kaɗai yake, sauran jikin katin inda rubutu yake a dushe. A 2002, cikin jerin da aka sa wa suna Legendary Collection, aka fito da kishiyarsa: hoto a dushe, sauran jiki na ƙyalli. Wannan shi ne holo na baibai. Da yake filin rubutu ya fi akwatin hoto faɗi, na baibai ya fi cika ido, sabon shiga kuwa da ido yake awo. Abin da bai sani ba shi ne kusan kowane fakiti na zamani yana zuwa da irinsa, kuma kowane ƙaramin dodo, har mai siffar ɓera da mai siffar tsutsa, yana da nasa. Tun daga 2023 ma, fakitin Turanci ba ya zuwa da ƙasa da kati uku masu ƙyalli.

Daga nan sai ya rubuta sunan dodon a intanet, ya ɗauki farashi mafi tsada da ya gani, wanda na wani bugu ne da aka yi kafin a haife shi, ya nufi shago. Mai shago ya taya katin a kuɗin alawa. Sabon shiga ya fita yana cewa macuci ne. Sai ya je shago na uku yake fara zargin katin.

Akwai wani ƙaramin bala'i da ke jiran sa a gaba. Bayan ya koyi raina na baibai, sai ya riƙa kyautar da shi ga ƙannensa ba tare da ya duba ba. A 2023, cikin jerin Japan mai suna 151, an buga na baibai iri biyu: ɗaya da zanen ƙwallon kama dodo na yau da kullum, ɗaya da zanen ƙwallon Master Ball mai harafin M a goshi. Na farkon birjik yake, na biyun ɗaya tak ake samu a kwali guda. Daga nesa ba su da maraba. Ƙanin da aka bai wa ba ya mayarwa.

Mai tocila

Tun daga ƙofar shago ake gane shi. Ba ya karɓar kati ya duba shi a miƙe kamar sauran bayin Allah. Sai ya kunna tocilar wayarsa, ya kanne ido ɗaya, ya riƙe katin ta gefe da yatsu biyu, ya shiga karkata shi hagu da dama a hankali, kansa na bin motsin. A manyan tarukan masu kati a Amurka, da shagunan unguwar Akihabara a Tokyo, akan gan su jere a gaban akwatunan gilashi, kowa na jinjina kai shi kaɗai. Wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ɗaga shadda ga hasken rana don ya raba Getzner da mai kwaikwayonta ya san irin wannan kallo, sai dai ita shadda a ƙarshe ana ɗinka ta a sa.

Zanen da ke cikin ƙyallin yake nema, kuma a nan yana da ilimi na gaske. Jerin Pokémon na Turanci na farko, na 1999, kati 102 ne, 16 daga ciki holo, kuma ƙyallinsu ƙananan taurari ne masu tsini warwatse a bayan dodon. Daga shekarar 2000 aka koma zanen ɗigo-ɗigo da da'irori manya da ƙanana, wanda ake kira Cosmos. Bayan haka kusan kowane sabon zamani na wasan ya zo da nasa: siraran layuka a kwance a 2011, wani zane mai yanayin igiyar ruwa a 2017, layuka a tsaye a 2020. Akwai kuma mai kama da tarwatsattsen gilashi, wanda ake kira fasasshiyar ƙanƙara, da aka riƙa sakawa cikin kwalayen da aka shirya wa masu koyon wasa. Shi ya fi yawancinsu kyau, shi ya fi su araha.

Da wannan ilimi mai tocila yana iya raba katin dodon Charizard na 1999 da wanda aka sake bugawa a 2000, duk da hoto ɗaya ne: wancan taurari, wannan da'irori. Yakan ɗauki minti goma kafin ya yanke hukunci, kuma hukuncinsa daidai ne. Abin da ya rage kawai shi ne a ƙasan katin an rubuta 4/102 a na farko, 4/130 a na biyu, wanda yaro ɗan aji uku zai karanta kafin tocila ta gama kunnuwa.

Inda ya fi nutsewa shi ne batun murɗe. A jikin babbar ledar Cosmos, jefi-jefi akwai wani zane mai naɗewa kamar guguwa. Da yake ledar a babban falle take kafin a yanka ta kati-kati, murɗen yakan faɗo wa wani kati ya tsallake wani, kuma babu mai iko da inda zai sauka. Kamfanin bai taɓa ayyana shi a matsayin wata daraja ba. Masu tocila suka ayyana da kansu. Suna ƙara kuɗi idan murɗen ya fito cikakke, su ƙara wani idan ya sauka kusa da bakin dodo ko wutsiyarsa, kuma suna iya kwana ana musu kan ko wani rabin murɗe da gefen akwati ya yanke ya cancanci sunan.

Mai shafa da ɗan'uwansa

Wannan bai yarda da ido ba, yana cewa ido ake fara yaudara. Daga 2011 Pokémon ya fara fitar da katunan da hoto ya mamaye fuskarsu baki ɗaya, kuma yawancin masu daraja a cikinsu ana matsa musu wani zane mai tudu da kwari, siriri kamar zanen yatsa. Haka masu launin bakan gizo da aka fara a 2017, haka masu ruwan zinariya. Mai shafa yakan ɗora babban yatsa a fuskar kati, ya ɗaga kai sama, ya ja a hankali.

Hujjarsa tana da ƙarfi, domin a nan ne masu jabu suka fi faɗuwa. Buga bakan gizo ba shi da wuya, amma matsa zane yana cin kuɗi. Na jabu yakan fito sumul, ƙyallinsa ya yi yawa, yana zamewa gefe guda. Idan ma an yi ƙoƙarin zanen, sai ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, alhali na gaske yana bin hoton ne, layukan suna kewaya jikin dodon, suna canza hanya a fukafuki da harshen wuta.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko, yatsa yana barin maiƙo, farce yana barin karce, shi ya sa masu kati ke ɓoye kayansu da sun hango shi. Ta biyu, ba kowane mai cikakken hoto ne ke da zanen ba. Tun 2023 akwai wani rukuni na katuna masu zanen hannu da ake bugawa sumul da gangan, na sama da su ne kawai ke da tudu da kwari. Mai shafa ya sha tara jama'a ya ayyana katin da aka ciro daga fakiti a gabansa a matsayin jabu.

Ɗan'uwansa, mai yaga, ya fi shi tabbaci. Katin gaske falle biyu ne da aka haɗa da wani siririn falle a tsakiya, baƙi a Pokémon, shuɗi a Magic, wanda ke hana haske ratsawa. Ana iya gane shi ta haska tocila daga baya, ko ta duba gefen katin da gilashin ƙara girma. Mai yaga yana ganin wannan duk kewaye-kewaye ne. Idan ya ga baƙin layin, sai ya yi wa mai katin albishir cewa kayansa na gaske ne, ya miƙa masa gida biyu.

Mahaddaci

Yu-Gi-Oh! ne ya haifi wannan, domin Konami ya jera darajoji hawa-hawa, kowane hawa da alamarsa a wuri biyu, sunan katin da hotonsa. Suna da ruwan azurfa, hoto a dushe, Rare ke nan. Hoto na ƙyalli, suna fili, Super Rare. Hoto na ƙyalli, suna da ruwan zinariya, Ultra Rare. Suna na azurfa mai bakan gizo, hoto da layuka a karkace, Secret Rare. Sama da nan akwai wanda aka matsa wa hoto har ya taso, akwai wanda aka fito da shi a 2019 da ƙyalli ya rufe shi kaf da layuka a tsaye da a kwance, akwai na cika shekara 25 mai tambarin bikin a tsakiyar rubutu. Har ɗan murabba'in da ke kusurwar dama ta ƙasa yana magana: na zinariya bugun farko ne, na azurfa bugun baya.

Mahaddaci ya san duk wannan a ka, kuma ba ya iya farawa daga tsakiya. Wanda ya tambaye shi darajar kati ɗaya zai ji jerin daga tushe, idan kuma aka katse shi sai ya koma farko. Ranarsa ita ce ranar da katin fatalwa ya bayyana. Wannan nau'i, da ya shigo bugun Turanci a 2007, hotonsa fari fat yake kamar an manta shi a aljihu an wanke, sai an karkata shi ga haske siffar ke tasowa daga ciki. Sabon shiga yakan mayar da shi shago a kan an sayar masa da mai lahani. Mahaddaci, da ke tsaye a gefe, yakan yi tayin rage masa asara.

A fagen wasa, dodon da ke kan katin fatalwa da wanda ke kan kati fili ƙarfinsu ɗaya, ko maki ɗaya bai ƙaru ba. Mahaddaci ba ya son a tayar da wannan magana.

Mafaraucin bakan gizo

A katunan 'yan wasa abin ya ɗauki wani salo. A 1993 Topps ya fito da Refractor cikin jerinsa mai suna Finest, a 1996 ya kawo Topps Chrome, Panini kuma ya biyo da Prizm a 2012. A waɗannan jeri kowane kati yana sheƙi, har na ƙasa. Bambancin shi ne na ƙasa yana mayar da haske fari kawai, shi kuwa Refractor yana fasa shi zuwa launuka. A na zamani an rubuta sunan a baya, amma na 1993 babu wata alama, sai ido.

Sannan aka shiga buga kati ɗaya, hoto ɗaya, da launin gefe daban-daban, kowane launi da adadinsa a buge da lamba. A Topps Chrome kore 99 ne, ruwan zinariya 50, ruwan lemo 25, ja 5, sai Superfractor mai zanen zinariya a nannaɗe, guda ɗaya a duniya. A Prizm ruwan zinariya 10 ne, baƙi ɗaya. Wato zinariyar wannan gida ba zinariyar wancan ba ce. Fasasshiyar ƙanƙara ma, da aka riƙa bai wa yara masu koyo a Pokémon, a wani jerin Panini ba ta kai talatin ba.

Mafarauci yakan zaɓi ɗan wasa ɗaya ya ɗauri aniyar tara dukkan launukansa. Da farko abin yana tafiya da sauri, ya cika shafi da azurfa da shuɗi da kore. Daga ruwan lemo tafiya ke tsayawa. A ja sai ya fara sayar da kayan ɗaki. Na ƙarshen kuwa yana hannun mutum ɗaya, ko yana kwance cikin fakitin da ba a buɗe ba a wani sito, don haka yawancin mafarauta suna rayuwa da gurbi ɗaya a buɗe, kuma gurbin suke fara nuna wa baƙo. Labarin da ke hana su haƙura shi ne na Superfractor na Mike Trout, ɗan wasan besbol, bugun 2009, wanda aka sayar a gwanjo a 2020 kan dala miliyan 3.9. Ba sa yawan ambaton ɗimbin matasan da aka tara launukansu, gwiwa ta ba su matsala a kaka ta biyu, bakan gizon ya koma kuɗin kwali.

Yana da wata al'ada da ba a samu a wurin kowa ba. Idan lambar katin ta dace da lambar rigar ɗan wasan, misali na 23 cikin 50 ga mai sa riga 23, sai ya ce katin ɗaya ne a duniya. Na 24 ma ɗaya ne a duniya, amma wannan lissafi bai shiga gabansa ba.

Mai sikeli

Ba ya kallon ƙyalli ko kaɗan, nauyinsa yake bi. A fakitocin Pokémon na farko, kusan ɗaya cikin uku ne ke da holo, kuma ledar ƙarfen tana ƙara nauyin da bai kai giram ɗaya ba. Da ɗan sikelin maƙeran zinariya yakan ware masu nauyi ya buɗe, ya sayar wa jama'a marasa nauyi a matsayin sababbi da ba a taɓa ba, wanda kuwa gaskiya ne, ba a taɓa su ba. Yawaitar ƙyalli a fakitin zamani ta rage masa kasuwa, amma zuriyarsa ba ta ƙare ba: a 2024 wani kamfani a Amurka ya fara karɓar kuɗi yana saka rufaffen fakiti cikin na'urar ɗaukar hoton ciki, irin wadda masana'antu ke duba ƙarfe da ita.

Mai yaƙi da iska

Yawanci ɗan Magic ne. Tun 1999, daga jerin Urza's Legacy, ake saka masu ƙyalli a fakitocin wasan, na farkon da hoton tauraro mai wutsiya a kusurwar ƙasa. Tun lokacin kuma suke lanƙwashewa. Dalilin a fili yake: takarda tana shan danshi ta kumbura, tana bushewa ta tsuke, ledar da ke fuskarta kuwa ba ta motsi. Idan iska ta bushe sai katin ya tanƙware ta baya, idan ta yi laima ya tanƙware ta gaba. 'Yan wasan suna kiran irin wannan kati da sunan soyayyen dankalin Pringles.

Mutumin nan yana da na'urar auna danshi a ɗakinsa. Ya gwada danne kati da manyan littattafai, wanda ba ya aiki domin ba nauyi ne ya lanƙwasa shi ba. Ya gwada rufe shi a mazubi da ƙunshin daidaita danshi da aka yi domin ajiyar taba, wanda yana aiki har sai an buɗe mazubin. Yana bibiyar hasashen yanayi fiye da manomi. Lokacin da aka fito da wani sabon nau'in ƙyalli a 2020, wanda aka sassaƙa a gefunan hoto da ruwan ƙarfe, tambayarsa ta farko ba ta kyau ba ce, ta kwanciya ce.

Bawan goma

Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su duba kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin akwatin roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. Mafi shahara shi ne PSA na Kalifoniya, da aka kafa a 1991, sai Beckett, wanda ke ba da baƙin tambari ga katin da ya ci goma a abu huɗu: daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuska. A Maris 2021 katuna suka yi wa PSA yawa har ya dakatar da karɓar mafi yawan sababbi na wani lokaci.

Ga bawan goma, ƙyalli wurin ɓuyan aibi ne. Fuskar holo tana karcewa da ɗan abu kaɗan. Wani lokaci injin buga kati da kansa yana barin siririn layi a kwance cikin ƙyallin, kati ya fito daga fakiti da tabonsa. Wani lokaci wuƙar yanka ta ɗan ɓare tawadar gefe, azurfa ta leƙo. Duk wannan ba a gani sai a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, kuma shi a can yake zaune. A hannunsa kati mafi kyau a duniya jerin laifuka ne. Tara a wurinsa zagi ce, duk da tsakanin tara da goma sau da yawa ɗigo ɗaya ne da ba ya ganuwa sai da gilashi, domin tsakanin farashinsu akan sami ninki biyu ko fiye.

Abin da ya faru a 2023 ya ɗan rikita shi. Wizards of the Coast ya buga kati ɗaya tak na zoben littafin The Lord of the Rings, mai ƙyalli, da lamba 001/001, ya jefa shi cikin fakitoci. Wani ma'aikacin kanti a yankin Toronto na Kanada ya same shi, aka kai PSA, ya ci tara. Mawaƙi Post Malone ya saye shi kan dala miliyan 2. Babu wani da za a je a nemo mai goma.

Ɗan 1999

A ganinsa ƙyalli ya ƙare tun taurarin farko, duk abin da ya biyo baya hayaniya ce. Abin mamaki, abin da yake biya wa kuɗi ba ƙyallin ba ne. Charizard na 1999 iri uku ne masu taurari iri ɗaya: mai tambarin bugun farko a hagu ƙarƙashin hoto, da wanda ba shi da tambarin kuma ba shi da inuwa a gefen dama na akwatin hoto, da na gama-gari mai inuwar. Ɗan baƙin tambari da rashin inuwa su ne ke kai farashi sama. Wato wannan bawan Allah yana biyan dubban daloli ne domin wani abu da babu shi a jikin katin.

Kusan kowane ɗan 1999 yana da labarin akwatin takalmi cike da katuna da ya bari a gida ya tafi makaranta. Cikin akwatin, a faɗarsa, akwai mai tambarin, kuma yawansu yana ƙaruwa duk shekara. Wadda ta share ɗakin, mahaifiyarsa, ita kaɗai ce a duk wannan fage ta yi wa holo da na baibai da kati fili adalci iri ɗaya.

Shi ma yana da mai raina shi, wato dattijon da ke tara katunan besbol na da, wanda zai tuna masa cewa katin Mickey Mantle na Topps, bugun 1952, da aka sayar a 2022 kan dala miliyan 12.6, kwali ne zalla, ko ɗigon ƙyalli babu.

Dillali

Ya san dukkan abin da na sama suka sani, bai yarda da ko ɗaya ba. Gwanintarsa a hoto take. Ya san kusurwar da ake riƙe kati don ƙyalli ya tashi ya rufe karce, ya san fitilar da ke mayar da ruwan lemo ruwan zinariya. A tallarsa kowane na baibai holo ne, kowane holo kuma da wuya a same shi. Hoton bayan kati, inda lamba da farin gefe suke, yakan fito dishi-dishi.

Kakarsa ta yanke saƙa a 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida suka tono tsofaffin akwatuna, kuma tauraron intanet Logan Paul ya sayi katin Pokémon mai suna Pikachu Illustrator, kyautar gasar zane ta Japan, kan dala 5,275,000, daga baya ya rataya shi a wuya ya shiga filin kokawa. Dillalai suka riƙa yin sammako a ƙofar kantuna suna kwashe kaya kafin yara su tashi daga barci. A Mayu 2021, bayan wani faɗa kan katuna a wurin ajiye motoci na wani reshensa a jihar Wisconsin, kantin Target ya dakatar da sayar da su a shagunansa na ɗan lokaci. A 2023 gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam ya daina raba wani katin Pikachu na musamman, saboda cunkoson mutanen da ba zanen Van Gogh ya kawo su ba.

Ɗan wasa

Akwai, a can gefen zaure, mutanen da ke amfani da katunan wajen yin wasan da aka buga su dominsa. Ɗan wasa yana sayen mafi arahar bugu, ya zura shi cikin leda mai duhun baya, ya karanta rubutun da ke jiki, abin da sauran ba su cika yi ba. Yana gudun mai ƙyalli da dalili: a gasa, idan wasu katuna sun lanƙwashe har ana iya gane su a cikin tari, alƙali yana iya ɗaukar su a matsayin masu alama, ya sa a canza su, ko ya hukunta mai su.

Daga cikinsu ne ake samun wani reshe da ya haɗa cutar gida biyu. Shi yana wasa, amma ya rantse kowane kati cikin sittin ɗin da ke hannunsa sai ya zama mai ƙyalli, kuma mafi tsadar nau'in. Da yake duka sun lanƙwashe gefe ɗaya, alƙali ba shi da abin cewa. Tarin nasa yakan yi tsayi har ya riƙa zubewa, yana sa kowane kati cikin leda biyu, yana ɗaukar lokaci kafin ya gauraya, kuma idan abokin karawa ya miƙa hannu zai yanka, sai ya roƙe shi ya fara goge yatsunsa.